Burodi Daban, Wainar Ƙwai Daban: Rabon Aiki a Uwar Garken Yanar Gizo

Ranar da makaranta ta ce za ta fitar da sakamakon jarrabawa a shafinta, ko ranar ƙarshe ta rajistar sababbin ɗalibai, ita ce ranar da shafin kan durƙushe. Ɗalibi ya sayi data da ɗan abin da ke aljihunsa, ya buɗe waya, ya yi ta jira, daga bisani allo ya nuna masa lamba 502 ko 504. Abin da aka saba cewa shi ne layi ba shi da kyau, ko kuwa kwamfutar da ke ɗauke da shafin ƙarama ce, a nemi kuɗi a sayo babba. Wani lokaci haka ɗin ne. Sau da yawa kuwa laifin yana cikin fayil ɗin saiti wanda tsawonsa bai kai na wasiƙar neman aiki ba, inda aka kasa bambanta abin da ya kamata a miƙa wa baƙo kai tsaye da abin da sai an haɗa masa.

Mai shayi na bakin tasha ya san wannan bambanci. Wanda ya zo sayen burodi, miƙa hannu kawai ake yi a ɗauko masa daga kan tebur. Wanda ya ce a soya masa ƙwai, sai an tambaye shi guda nawa, da albasa ko babu, a fasa, a kaɗa, a jira mai ya yi zafi. Idan mai shayi ya ce kowa sai ya bi layin kasko, har mai sayen burodi, to kafin hantsi layin ya kai titi, alhali rabin mutanen ba su da wata hulɗa da wuta. Uwar garke, wadda wasu ke kira saba, haka aikinta yake. Hoto, da tambarin makaranta, da fayil ɗin CSS mai tsara kamannin shafi, da fayil ɗin JavaScript, da takardar PDF, duk tsayayyun abubuwa ne: suna ajiye a faifai, kuma kowa ya nema abu ɗaya zai samu. Sakamakon ɗalibi kuwa, ko jerin darussan da ya yi wa rajista, abu ne mai sauyawa: sai manhaja ta tabbatar da ko wane ne shi, ta tambayi rumbun bayanai, sannan ta rubuta masa shafin da babu irinsa a faifai.

Yanar gizo da burodi ta fara. Uwar garken da Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar CERN a 1990, kan kwamfutar NeXT, babban aikinta shi ne ta karɓi sunan fayil ta mayar da abin da ke cikinsa. A 1993 aka samar da tsarin CGI a cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois a Amurka, wanda ya ba uwar garke damar tada wata manhaja ta daban duk lokacin da buƙata ta shigo, ta karɓi abin da manhajar ta rubuta ta aika wa baƙo. Dabarar ta yi aiki, sai dai tana da tsada, domin kowace buƙata sai an tada sabuwar manhaja an kuma kashe ta, tamkar a hura wuta saboda ƙwai ɗaya a kashe. Apache ta fito a 1995, shekarar da Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, kuma maganin da ya yaɗu daga baya shi ne mod_php, wato a dasa tafintan PHP a cikin jikin kowane ma'aikacin Apache. An huta da hura wuta, amma sai kowane ma'aikaci ya zama yana yawo da kaskonsa a ka, ko da abin da aka aike shi ɗaukowa ƙaramin hoto ne.

Lissafin wannan ba shi da wuya, kuma ya kamata kowane ɗalibin kwamfuta ya taɓa yin sa da alƙalami. A ƙaddara kwamfuta tana da gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki da aka ware wa Apache, kuma kowane ma'aikaci mai ɗauke da PHP yana cin megabait 50. Ma'aikata 40 ke nan. A ƙaddara shafin farko yana jawo fayil 30, ɗaya ne kawai daga ciki ke buƙatar PHP. Burauza mai amfani da HTTP/1.1 takan buɗe hanya har 6 a lokaci guda zuwa ga uwar garke ɗaya, kuma a tsohon tsarin Apache mai suna prefork kowace hanya tana riƙe ma'aikaci guda sukutum. Baƙi 7 da suka shigo tare sun isa su cinye ma'aikatan nan 40. Na takwas sai ya jira. Kwamfutar ba ta gaji da lissafi ba, injinta ma kusan hutawa yake yi. Ma'aikatan ne aka ɗaure da aikin da bai kamace su ba.

Akwai kuma wani ɓangare na lissafin da ya fi shafar wanda baƙinsa ke zuwa ta wayar hannu a inda layi ke da rauni. Manhaja na iya gama haɗa shafi cikin ƙasa da daƙiƙa guda, amma isar da shi ya danganta da saurin mai karɓa. Fayil mai kilobait 500, a kan layin da ke ɗaukar kilobait 25 a daƙiƙa, zai ci daƙiƙa 20. Idan ma'aikacin da ya haɗa shafin shi ne kuma mai isar da shi, to zai tsaya tsawon wannan lokaci yana ɗiga wa waya bayanai, da megabait 50 ɗinsa a riƙe. Saitin da ke tafiya lami lafiya a garin da kowa ke da layi mai gudu zai iya shaƙewa a Maraɗi ko Damagaram da adadin baƙi iri ɗaya. Wannan shi ya sa kwafo saiti daga littafin da aka rubuta don wasu masu karatu, ba tare da an auna shi da yanayin masu amfani na gaskiya ba, yake zama ganganci.

Matsalar ta daɗe da samun suna. A 1999 Dan Kegel ya yi rubutu a kan abin da ya kira C10K, wato yadda kwamfuta ɗaya za ta riƙe hanyoyi 10,000 a lokaci guda. Igor Sysoev, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Rambler a Rasha, ya fara rubuta Nginx a 2002, ya sake ta ga jama'a a 2004. Tsarinta shi ne ƴan ma'aikata kaɗan marasa nauyi, kowanne yana lura da dubban hanyoyi, yana juyawa ga wadda ta shirya kawai. Idan aka sa ta a gaba, sai ta riƙa miƙa tsayayyun fayiloli da kanta, abin da ke buƙatar manhaja kuma ta tura shi baya, ga PHP-FPM ko Gunicorn ko makamancinsu. Da zarar manhaja ta gama, Nginx ta karɓe amsar ta riƙe a wurinta, ta sallami ma'aikacin ya koma kan wani, ita kuma ta ci gaba da lallaɓa waya mai jinkiri.

Ga yadda ƙashin bayan saitin yake ga shafin da aka rubuta da Python:

```
location /kaya/ {
    alias /srv/shafi/kaya/;
    expires 1y;
}
location / {
    proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
    proxy_set_header Host $host;
    proxy_set_header X-Forwarded-For $proxy_add_x_forwarded_for;
    proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme;
}
```

Layuka goma ne, kuma kowanne hukunci ne da wani ya yanke. Sashen farko yana cewa duk adireshin da ya fara da /kaya/ a ɗauko shi daga faifai, kada a dami manhaja. Na biyu yana tura sauran zuwa ƙofa ta 8000 a kan kwamfutar kanta, adireshin da ba a iya isa gare shi daga waje. Layukan ƙarshe kan zama abin mantawa: tun da Nginx ce ke magana da manhaja, manhajar za ta ɗauka duk baƙin duniya daga 127.0.0.1 suke zuwa, sai an gaya mata ainihin adireshin baƙo da kuma ko ta HTTPS ya shigo. Wanda ya bar su zai wayi gari da rajistar shiga marar amfani, ko kuwa shafin da ke ta mayar da mutum wuri ɗaya ba iyaka.

Layin da ke cewa expires 1y shi ne ya fi kusa da aljihun ɗalibi. Umarni ne ga burauza ta ajiye fayil ɗin shekara guda, daƙiƙa 31,536,000, kada ta sake neman sa. Idan babu irin wannan umarni, burauza takan koma ta tambaya ko fayil ya canja, uwar garke ta amsa da lamba 304, ma'ana yana nan yadda yake. Amsar gajeriya ce, amma sai an je an dawo. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka kowane kilomita 1,000 yana ƙara kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa a zuwa da dawowa, tun kafin a sa jinkirin na'urorin da ke kan hanya. Nijar da Cadi ba su da gaɓar teku; bayanansu sai sun ratsa ƙasar maƙwabta kafin su kai ga wayoyin ƙarƙashin ruwa, kuma shafuka da dama na wannan yanki a Turai aka yi musu hayar masauki. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ɗanɗana yadda hanyar ke da tsawo da kuma ƙunci. Fayil ɗin da ke ajiye a wayar ɗalibi shi kaɗai ne ba ya buƙatar wannan tafiya. Haka ma matse rubutu da gzip, ko da Brotli da Google ta fitar a 2015: layi ɗaya ko biyu ne a saiti, amma HTML da CSS da JavaScript sukan ragu ƙwarai. Hoton JPEG kuwa an riga an matse shi, sake matse shi ɓata lokacin inji ne.

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce: in an ce a ajiye shekara guda, sai kuma aka gyara fayil ɗin gobe fa? Amsar tana cikin suna. Ana liƙa wa sunan fayil wata lamba da aka ciro daga abin da ke cikinsa, ta yadda ko harafi ɗaya aka sauya, sunan zai sauya, shafin HTML kuma ya nuna sabon suna. Django tana da wannan a cikin ManifestStaticFilesStorage. Sharaɗin shi ne shafin HTML kansa kada a ba shi dogon wa'adi. Wanda ya sa shekara guda a kan fayil mai suna ɗaya tilo, zai gyara kuskure a shafinsa ya zauna yana mamakin dalilin da ya sa mutane ke ganin tsohon.

Ɓata data da lokaci shi ne ƙaramin hukuncin kuskure a wannan iyaka. Babban yana zuwa ne idan aka ɗauki mai sauyawa a matsayin tsayayye. Ranar 25 ga Disamba 2015, masu amfani da dandalin wasanni na Steam suka riƙa buɗe shafin asusunsu suna ganin na wasu, da adireshin imel da wasu bayanan biyan kuɗi. Kamfanin Valve ya bayyana daga baya cewa ana tsakiyar kai wa dandalin hari ne aka sa wani sabon saitin ajiyar wucin gadi don rage nauyi, sai saitin ya haɗa har da shafukan mutanen da suka shiga da sunansu; kimanin mutum 34,000 abin ya shafa. Ba a fasa rumbun bayanai ba. Ƙa'ida ɗaya ce ta faɗaɗa fiye da inda ya kamata ta tsaya. A shafin makaranta, kwatankwacin wannan shi ne ɗalibi ya buɗe ya tarar da makin abokin karatunsa. Duk shafin da aka haɗa don mutum ɗaya, dole ne ya fita da alamar Cache-Control mai cewa private ko no-store, kuma mai saiti ya gwada da asusu biyu daban kafin ya saki.

Wani fannin wannan kuskure shi ne uwar garke ta miƙa rubutun manhaja maimakon ta gudanar da shi. A watan Agustan 2007 hakan ya faru da Facebook: wata uwar garke da aka yi wa saiti ba daidai ba ta nuna wa baƙi rubutun PHP na shafin farko. Ga ƙaramin shafi abin ya fi muni, domin kalmar sirri ta rumbun bayanai takan kasance a cikin irin waɗannan fayiloli, ko a cikin .env, ko a tarihin da ke foldar .git wadda aka kwafo gaba ɗaya zuwa inda uwar garke ke rabawa. Akasin haka ma yana faruwa: a ɗauki tsayayye a gudanar da shi. Shafin da ke karɓar hoton fasfo daga ɗalibai yana ajiye su a wata folda. Idan ƙa'idar da ke cewa duk abin da ya ƙare da.php a tura shi ga tafinta ta shafi wannan folda, to duk wanda ya iya cusa fayil mai wannan suna ya samu damar ba kwamfutar umarni. A Nginx tarkon yana cikin tsarin fifiko: ƙa'idar da aka rubuta da alamar ~ tana rinjayar ƙa'idar farkon adireshi, ko da wace ce a sama, sai in an sa wa ta farkon alamar ^~. Mutum na iya karanta saitinsa daga sama zuwa ƙasa ya ga komai daidai, alhali manhajar ba haka take karantawa ba.

Har karan tsaye guda yana da nauyi. A saitin da ke sama, in aka rubuta location /kaya babu karan ƙarshe, alhali alias yana da shi, to baƙon da ya nemi /kaya../ zai haura folda ɗaya sama, inda galibi fayil ɗin sirrin manhaja yake. Mai bincike Orange Tsai ya nuna yadda wannan rami ya yaɗu a taron Black Hat na 2018.

Ba kowane abu ne ke faɗawa gefe ɗaya cikin sauƙi ba, kuma Moodle, manhajar koyarwa da Martin Dougiamas ya fitar a 2002 wadda jami'o'i da yawa ke amfani da ita, misali ce mai kyau. Takardar darasi ta PDF tsayayya ce, ba ta canjawa. Amma ba kowa aka yarda ya karanta ta ba, balle takardar tambayoyin jarrabawa ko aikin da ɗalibi ya miƙa. Saboda haka Moodle ke buƙatar a ajiye foldar moodledata a wajen inda uwar garke ke rabawa, kuma kowane fayil ya bi ta pluginfile.php domin a duba izini. Sai matsalar farko ta dawo: ma'aikacin PHP ya tsaya yana ɗiga wa waya littafi mai megabait 20. Wasu masu kula da shafi, don neman sauri, sukan buɗe foldar ga kowa, su sayi daƙiƙoƙi da sirrin ɗalibai. Mafita tana nan tun da daɗewa. Manhaja ta duba izini, in ta gamsu sai ta mayar da amsa marar nauyi mai ɗauke da X-Accel-Redirect da wurin da fayil yake, Nginx kuma ta ɗauko shi daga wani sashe da aka yi wa alamar internal, wanda ba a iya kiran sa daga waje. A Apache, mod_xsendfile ke yin irin wannan. Moodle tana da wurin kunna shi a config.php. Hukunci na manhaja ne, dako na uwar garke.

Masu ganin an cika zuzuta wannan batu suna da hujjoji, kuma wasu na da ƙarfi. Na farko, gardamar Apache da Nginx da ɗalibai ke so kamar gardamar ƙwallo ba ta da amfani sosai yanzu: tun fitowar Apache 2.4 a 2012, tsarin event tare da mod_proxy_fcgi da PHP-FPM suna ba da rabon aiki iri ɗaya, kuma wanda ya ƙware da Apache ba shi da dalilin ƙaura. Na biyu, ga ƙaramin shafin ofis mai baƙi ƴan ɗari a rana, barin manhaja ta raba fayilolinta ta hanyar wani abu kamar WhiteNoise ya wadatar, kuma ƙarancin sassa ƙarancin wuraren lalacewa ne. Wannan gaskiya ce. Na uku, ana cewa kamfanonin rarraba kaya irin su Cloudflare sun ɗauke wannan nauyi. A nan ne hujjar ta yi rauni, domin irin waɗannan kamfanoni suna aiki ne da ƙa'idoji da alamomin da mai shafi ya ba su. Wanda bai san wane shafi ne na kowa, wane ne na mutum ɗaya ba, ya ƙara wa kuskurensa nisan zango ne kawai, kuma abin da ya samu Steam a daidai wannan mataki ya faru.

Tushen matsalar yana cikin yadda ake koyarwa. Ɗalibi yakan gama aikin ƙarshen karatu a kan XAMPP ko da umarnin runserver na Django, inda komai ke fitowa ba tare da ya san wa ya miƙo shi ba. Takardun Django da kansu sun yi gargaɗi kada a yi amfani da runserver a shafin gaske. Ranar da ya mayar da DEBUG zuwa False, sai hotuna da launuka su ɓace, domin daga nan Django ta daina raba tsayayyun fayiloli, tana jiran a tara su da collectstatic a damƙa wa uwar garke. Abin takaici, maganin da da yawa ke samu shi ne su mayar da DEBUG zuwa True su bar shi haka, wanda ke nufin duk kuskuren da ya auku zai baje wa baƙo cikin manhajar. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi wa waɗannan matasa: ranar da aka ɗauke su aiki ita ce ranar da suke fara ganin fayil ɗin saiti.

Darasin gwaji na sati biyu zai rufe wannan giɓi, kuma ba ya buƙatar kayan tsada. Tsohuwar kwamfuta mai Debian ko Ubuntu ta isa. A ba ɗalibi manhaja ƙarama da folda mai hotuna, ya rubuta saitin da hannunsa, ya duba shi da nginx -t kafin ya sabunta. Ya yi amfani da curl -I ya karanta alamomin da kowane fayil ke fita da su. Ya kashe manhajar baya da gangan, ya ga yadda shafi ke ba da 502 alhali hotuna na ci gaba da zuwa. A wannan minti ɗaya zai fahimci abin da lacca uku ba su fahimtar da shi ba. Sannan a ba abokinsa aikin neman .env ɗinsa daga wata kwamfutar, a kuma rage saurin layi a burauza zuwa na 2G a sake aunawa.

Akwai kuma tambayar da ta kamata ta riga saiti: shin shafin nan yana buƙatar manhaja tun farko? Jadawalin jarrabawa, da sanarwar komawa makaranta, da sharuɗɗan shiga, da jerin sassa, duk abu ɗaya kowa ke gani, amma a shafuka da yawa sai an tambayi rumbun bayanai sau dubu a sake haɗa su sau dubu. Manhajoji irin su Jekyll na 2008 da Hugo na 2013 suna haɗa irin waɗannan shafuka sau ɗaya su ajiye su a matsayin HTML. Ko ba a je can ba, ajiye shafin farko na minti ɗaya a gaban manhaja yana nufin cikin baƙi 3,000 da suka zo a wannan minti, kusan ɗaya ne zai taɓa PHP. A ranar sakamako, ma'aikata 40 ɗin nan sai su koma kan aikin da babu mai yin sa sai su: karɓar lambar ɗalibi, duba ta a rumbu, da mayar masa da makinsa shi kaɗai.